Amsoshin Wasiƙunku: Ko Talakawa Na Iya Rage Wa 'Yan Majalisa Wa'adi Da Ƙuri'a?

 Wasiƙar da muka ɗauko a wannan mako ta fito ne daga unguwar Yakasai, cikin birnin Kano, daga wajen wani mai sauraronmu da ke sana'ar hatsi a Kasuwar Rimi. Bayan gaisuwa, ga abin da yake cewa:

"Gardama ce ta sarƙe tsakanina da abokan hirata a bakin rumfa. Ni na ce shekara huɗu ta yi wa ɗan majalisa yawa, domin da zarar an rantsar da shi ba ka ƙara ganin ƙeyarsa sai guguwar zaɓe ta sake kaɗawa. Na ce kamata ya yi a tambayi talakawa, a mai da abin shekara biyu. Su kuwa suka ce babu ƙasar da aka taɓa yin haka a duniya, wai wanzami ba ya son jarfa. Don Allah ku raba mu. Wa ya yanke shekara huɗun nan? An taɓa jefa ƙuri'a a kan rage ta a wata ƙasa? Mu nan Nijeriya muna da wannan dama?"

To Malam, mun gode da wannan tambaya. A taƙaice dai, ka ci rabin gardama, abokanka sun ci rabi. An taɓa jefa irin wannan ƙuri'a: an yi a Turkiyya a 2007 aka rage, an yi a Laberiya a 2020 abin bai yiwu ba. Amma a Nijeriya ba a taɓa tambayar talakawa ba, kuma tsarin mulkinmu bai buɗe wannan ƙofa ba, sai dai wata 'yar taga da za mu nuna maka nan gaba. Bari mu ɗauko zancen daga tushe.

Inda aka samo shekara biyar

Lokacin da Nijeriya ta sami mulkin kai a 1960, wa'adin majalisa shekara biyar ne, kuma daga Ingila muka gado shi. Su ma can ba su same shi a ɓagas ba. A 1694 suka yi dokar da ta ce kada majalisa ta wuce shekara uku. Ba a yi nisa ba, a 1716, sai majalisar da aka zaɓa don ta yi shekara uku ta zauna ta ƙara wa kanta da kanta, ta mai da abin shekara bakwai. Ka ga ashe karin maganar abokanka tana da tushe. A 1838 ma'aikata da talakawan Ingila suka fito da buƙatu guda shida, cikinsu har da cewa a riƙa zaɓen majalisa kowace shekara. Takardar koken da suka kai majalisa a 1842 mutum fiye da miliyan uku ne suka sa mata hannu, amma aka yi watsi da ita. Daga baya biyar daga cikin buƙatun nan sun zama doka. Guda ɗayar da ba a taɓa yarda da ita ba, ita ce ta zaɓe kowace shekara. Sai a 1911 aka rage wa'adin daga bakwai zuwa biyar, shi ma ɗin majalisa ce ta yi, ba a kira jama'a ba.

To, wannan shekara biyar ce aka kawo mana. An yi zaɓen tarayya ran 12 ga Disamba, 1959, aka cika kujeru 312 na majalisar wakilai a Ikko. A wannan zaɓe ne Malam Aminu Kano ya ci kujerar Kano ta Gabas a ƙarƙashin NEPU, jam'iyyar da ɗan unguwarku Alhaji Tanko Yakasai ya yi wa sakataren yaɗa labarai. Majalisar nan ta cika shekara biyar ɗinta, aka sake zaɓe ran 30 ga Disamba, 1964, zaɓen da ya zo da rigima mai yawa, inda Malam Aminu ya rasa kujerarsa.

Daga biyar zuwa huɗu

Shekara huɗun da kake tambaya, a mulkin soja aka haife ta. A watan Oktoba na 1975 Janar Murtala Muhammed, shi ma ɗan birnin Kano, ya kafa kwamitin tsara sabon tsarin mulki a ƙarƙashin lauya Rotimi Williams. Mutum 50 ya naɗa, Cif Obafemi Awolowo ya ƙi shiga, saura 49, cikinsu har da Malam Aminu Kano. Kwamitin ya bar tsarin Ingila mai firayim minista, ya ɗauko irin na Amurka mai shugaban ƙasa mai cikakken iko. Sai dai bai kwafo Amurka duka ba. A can ɗan majalisar wakilai shekara biyu yake yi, na majalisar dattijai shida, shugaban ƙasa huɗu. Mu a nan aka haɗa kowa aka ba shi huɗu, daga shugaban ƙasa har ɗan majalisar jiha.

Majalisar tsara tsarin mulki ta zauna a kan daftarin daga 1977 zuwa 1978 a ƙarƙashin Mai Shari'a Udo Udoma, sa'an nan gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta yi nata gyare-gyaren ta sa hannu da dokar soja. Ya fara aiki ran 1 ga Oktoba, 1979, ranar da aka rantsar da Alhaji Shehu Shagari, wanda Alhaji Tanko Yakasai ya zama mai ba shi shawara kan hulɗa da majalisar tarayya. Tsarin mulkin 1999 ma haka ya zo: Janar Abdulsalami Abubakar ne ya sa masa hannu da dokar soja mai lamba 24, kuma ya riƙe shekara huɗun nan. Watau dai an taɓa rage wa'adin majalisa a Nijeriya, daga biyar zuwa huɗu, amma babu manomi ko ɗan kasuwar da aka miƙa wa takardar ƙuri'a aka ce ya dangwala e ko a'a.

Kada ka ɗauka ba mu san ƙuri'ar raba-gardama ba a ƙasar nan. A watan Fabrairu na 1961 Majalisar Ɗinkin Duniya ta tambayi mutanen Arewacin Kamaru da ke hannun Ingila, watau su Mubi, Gwoza, Bama, Ganye da Gembu, ko Nijeriya suke so ko Kamaru. Suka zaɓi Nijeriya, aka sa wa yankin suna Lardin Sardauna. Ran 13 ga Yuli, 1963 kuma aka yi wata, wadda ta haifi Jihar Yamma ta Tsakiya mai hedkwata a Binin. Duka biyun nan a kan iyaka ne. A kan wa'adi kuwa, ko sau ɗaya ba a yi ba.

Abin da ya fi yanke wa majalisunmu kwana shi ne bindiga. Majalisar da aka zaɓa a ƙarshen 1964, juyin mulkin 15 ga Janairu, 1966 ya tashe ta tana da shekara ɗaya. Wadda aka zaɓa a 1983 wata uku kacal ta yi, soja suka kore ta ran 31 ga Disamba. Wadda aka zaɓa a watan Yuli na 1992, aka buɗe ta a Disamba, Janar Sani Abacha ya rushe ta a watan Nuwamba na 1993, ko shekara ba ta cika ba. Wadda aka zaɓa a watan Afrilu na 1998 kuwa, ko zama ɗaya ba ta yi ba. Wannan ragi dai babu talakan da ya ci ribarsa, domin duk lokacin da aka rufe majalisa ta wannan hanya, har da ƙuri'arsa ake rufewa.

Inda aka tambayi jama'a

Yanzu ga hujjar da za ka kai bakin rumfa. A Turkiyya, a 2007, rikici ya tashi kan zaɓen shugaban ƙasa, wanda a lokacin majalisa ce take zaɓarsa. Jam'iyyar Firayim Minista Rajab Tayyib Erdogan ta tsayar da Abdullah Gul, 'yan hamayya suka ƙaurace wa zama, kotu ta soke zagayen farko. Sai majalisa ta kawo gyaran tsarin mulki, aka kai shi gaban jama'a ran 21 ga Oktoba, 2007. A cikin gyaran an ce jama'a ne za su riƙa zaɓen shugaban ƙasa kai tsaye, an rage masa wa'adi daga shekara bakwai zuwa biyar, an kuma rage na majalisa daga biyar zuwa huɗu. Kusan kashi 69 cikin 100 na masu jefa ƙuri'a suka ce e. Aka yi zaɓe a 2011, aka sake a 2015, bisa sabon lissafi.

Amma ka saurari ƙarshen labarin. Bayan shekara goma, ran 16 ga Afrilu, 2017, aka sake kiran jama'ar, da wani ƙunshin gyara wanda ya soke muƙamin firayim minista, ya tara iko a hannun shugaban ƙasa, ya ƙara kujerun majalisa daga 550 zuwa 600, ya kuma mai da wa'adin majalisa shekara biyar kamar da. Wannan ma ya wuce, da kashi 51 da ɗan ɗoriya. A duka biyun ba a ware maganar wa'adi ita kaɗai an tambayi mutane ba. A buhu ɗaya aka ɗura ta da wasu abubuwa, aka ce ko ka saya duka ko ka bari duka. Kai da kake harkar hatsi ka san abin da ake iya ɓoyewa a tsakiyar buhu.

Na kusa da mu shi ne na Laberiya. Tsarin mulkinsu na 1986 ya ba shugaban ƙasa shekara shida, ɗan majalisar wakilai shida, sanata kuwa shekara tara cur. In shekara huɗu ta dame ka, Malam, to ka auna tara. Ran 8 ga Disamba, 2020, zamanin Shugaba George Weah, aka kai wa jama'a tambayoyi takwas. Cikinsu akwai rage wa'adin shugaban ƙasa da na wakilai daga shida zuwa biyar, da na sanatoci daga tara zuwa bakwai. Ka ce ai wannan kowa zai yi na'am. Masu cewa e sun fi yawa kam, amma dokarsu ta ce sai an sami kashi biyu cikin uku, kuma babu tambaya ɗaya da ta kai. Ƙuri'u masu ɗimbin yawa sun lalace, domin ba a wayar wa mutanen karkara da kai yadda ya kamata ba, takardar kuma ta rikita su. Daɗin daɗawa 'yan hamayya sun yi ta gargaɗin cewa in aka taɓa tsarin mulki, shugaban zai iya cewa lissafin wa'adinsa ya koma farko, ya nemi zango na uku. Gwamnati ta musanta, amma zargin ya riga ya shiga kunnen jama'a. Haka sanatocin Laberiya suka tsira da shekara taransu.

Akwai kuma inda ragin ya shafi shugaban ƙasa kawai. Faransa ta rage daga bakwai zuwa biyar ta hanyar ƙuri'a ran 24 ga Satumba, 2000, da kashi 73 cikin 100, sai dai mutum uku ne kawai cikin kowane goma suka fito. Senegal ta yi haka a 2001, majalisa ta mai da shi bakwai a 2008, aka sake kiran jama'a ran 20 ga Maris, 2016 suka mai da shi biyar.

Darasi daga maƙwabta

'Yan'uwanmu na Jumhuriyar Nijar sun fi mu sanin akwatin raba-gardama, domin sun jefa ƙuri'a a kan tsarin mulki a 1992, da 1996, da 1999, da 2009, da 2010. Ta 2009 ita ce abin lura. Shugaba Tandja Mamadou yana dab da kammala zangonsa na biyu sai aka taso da kiran tazarce, kalmar da mutanen Nijeriya suka sani tun zamanin Abacha. Kotun tsarin mulki ta ce hanyar ba ta halatta ba. Ran 26 ga Mayu, 2009 ya rushe majalisar dokoki, wadda Alhaji Mahamane Ousmane na Damagaram yake shugabanta, daga baya ya rushe kotun ita ma. Aka yi ƙuri'a ran 4 ga Agusta, 'yan hamayya suka ƙaurace, hukuma ta ce fiye da kashi 92 cikin 100 sun yarda a ƙara masa shekara uku. Wata shida da 'yan kwanaki bayan haka, ran 18 ga Fabrairu, 2010, soja a ƙarƙashin Salou Djibo suka kifar da shi.

Abin da muke so ka gane, ƙuri'ar raba-gardama wuƙa ce mai kaifi biyu. Wanda yake riƙe da gwamnati shi yake rubuta tambaya, shi yake sa rana, shi yake da rediyo da talabijin na hukuma. Ƙofar da aka buɗe don a rage wa'adi, ta nan ne wani zai bi ya ƙara wa kansa. A Nijeriya da aka nemi yi wa Shugaba Obasanjo hanyar zango na uku, majalisar dattijai ce ta binne maganar ran 16 ga Mayu, 2006, a ƙarƙashin Sanata Ken Nnamani, jama'a na kallo a talabijin.

'Yar tagar da doka ta bari

Sashe na 64 na tsarin mulkin 1999 shi ya ce majalisar tarayya za ta rushe bayan shekara huɗu daga ranar zamanta na farko, sashe na 105 ya faɗi haka ga majalisun jihohi. In ana so a canza wannan, sashe na 9 ya ce sai kashi biyu cikin uku na majalisar dattijai da na wakilai sun yarda, sa'an nan majalisun jihohi aƙalla 24 cikin 36 su amince. Babu inda aka ce a zo a tambaye ka. Watau waɗanda za a rage wa kwana, su ne aka ba wuƙa da nama. A nan abokanka suka ci rabinsu.

Tagar kuwa ita ce kiranye, a sashe na 69 ga 'yan majalisar tarayya, da na 110 ga na jiha. In mutanen mazaɓa sun gaji da wakilinsu ba sai sun jira shekara huɗu ba. Fiye da rabin waɗanda suka yi rajistar zaɓe a mazaɓar za su sa hannu a takardar koke, su kai wa hukumar zaɓe ta INEC. Ita kuma ta tantance hannuwan, in sun cika ta shirya ƙuri'ar raba-gardama cikin kwana 90. Ka lura da kyau: rabin masu rajista aka ce, ba rabin waɗanda suka fito ranar zaɓe ba. A ƙasar da waɗanda suka jefa ƙuri'a a zaɓen shugaban ƙasa na 2023 ba su kai kashi 30 cikin 100 na masu rajista ba, ka ga tsayin wannan katanga. An gwada a kan Sanata Dino Melaye na Kogi ta Yamma, ranar tantancewa a watan Afrilu na 2018 aka sami wajen kashi 5 cikin 100 kawai. An sake gwadawa a 2025 a kan Sanata Natasha Akpoti-Uduaghan ta Kogi ta Tsakiya, hukumar zaɓe ta ce hannuwan ba su kai rabi ba. Tun daga 1999 babu ɗan majalisar tarayya ko ɗaya da aka dawo da shi gida ta wannan hanya.

To, biyu ko huɗu?

Kowace tana da amfaninta da illarta. Gajeren wa'adi yana sa wakili ya riƙa waiwayen gida, kamar yaron shago da ya san maigida yana zuwa lissafi kowane ƙarshen wata. Amma zaɓe a ƙasar nan kuɗi ne. Na 2023 ya ci wa gwamnati fiye da naira miliyan dubu 300, ban da abin da 'yan takara suka kashe wajen sayen fam da neman wakilan jam'iyya. Wanda ya ci bashi ko ya sayar da gida ya shiga majalisa, in ka ce masa shekara biyu zai yi, zai ninka sauri ne wajen mai da uwar kuɗinsa. Ga kuma ranakun da ake hana zirga-zirga a rufe kasuwa, ga 'yan daba da ake ɗauka haya. Sa'an nan akwai aikin da ba ya nuna da wuri. Gero kwana saba'in zuwa casa'in ya isa girbi, mangwaro kuwa sai an yi shekaru ana ban ruwa. Madatsar ruwa ko hanyar karkara irin mangwaro ce.

Wani abu kuma da ake yawan haɗawa da wannan: tsawon zango daban, yawan zango daban. Shugaban ƙasa da gwamna zango biyu doka ta ba su. Ɗan majalisa kuwa ba shi da iyaka, muddin ana zaɓarsa. Sanata Kabiru Gaya ya wakilci Kano ta Kudu shekara 16, daga 2007 zuwa 2023. Ko da an mai da zango shekara biyu, wanda jama'a ke sake zaɓa zai iya yin ashirin.

Daga ƙarshe, Malam, ka duba tarihin mazaɓarku. Yakasai tana cikin ƙaramar hukumar Birni da Kewaye. Wanda kuka aika majalisar wakilai a 1999, marigayi Alhaji Ghali Umar Na'Abba, shi ya zama kakakin majalisar, mutum na huɗu a jerin masu mulkin ƙasa. Da aka zo zaɓen 2003 bai koma ba, a shekarar da Kanawa suka sauke gwamna mai ci, Injiniya Rabi'u Musa Kwankwaso, suka ɗora Malam Ibrahim Shekarau. Kujerar sanatan Kano ta Tsakiya kuwa, daga 1999 zuwa 2023 babu wanda ya yi zango biyu a jere a kanta: Ibrahim Kura Muhammad, Rufa'i Sani Hanga, Muhammad Adamu Bello, Bashir Garba Lado, Kwankwaso, Shekarau, sa'an nan Hanga ya dawo. Kowace shekara huɗu sai an canza hannu. Ashe mutanen birni sun daɗe suna yanke wa wakilansu wa'adi ba tare da an taɓa tsarin mulki ba.

Saboda haka shawararmu ita ce, kai da abokan hirarka ku adana katin zaɓenku, ku rubuta alkawuran da ɗan takara ya yi muku kamar yadda kuke rubuta bashi a littafi, da rana da wata. Ƙungiyar 'yan kasuwa ko ta manoma tana da ikon rubuta wa wakilinta takarda ta gayyace shi ya zo ya yi bayani tun wa'adi bai yi rabi ba. In kuma kuna son a sa ƙuri'ar raba-gardama cikin tsarin mulki, to lokacin da kwamitin gyaran tsarin mulki na majalisa ya fito jin ra'ayin jama'a shiyya-shiyya, nan ne wurin kai wannan buƙata a rubuce.

Da fatan mun raba gardamar. A gai da mutanen Yakasai da na Kasuwar Rimi baki ɗaya, Allah ya ba da kasuwa. Sauran masu sauraro da suka aiko da wasiƙu, ku ƙara haƙuri, suna nan bisa layi. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.